Bayan 3, sai 4?

Auta: Salamu alaikum 'yan gida, ku raba mu da malamin lissafi. An zana layin lambobi, an yi zobe a kan 3 ba a cike cikinsa ba, aka ja layi mai kauri da kibiya zuwa dama. Na rubuta x ≥ 4, wato 4 ko sama da haka, ya soke ya sa sama da 3, wato x > 3.

Kawu: An cuce ki, 'yata. Zoben da ba a cike ba ai yana nufin ban da 3. To in an cire 3, me ke gaba in ba 4 ba? Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Yaya: Kawu, a yi haƙuri, malam ya yi daidai. Ina za a kai 3.5? Ta fi 3, ba ta kai 4 ba, kuma layin ya bi ta kanta. Amsar Auta ta zubar da duk abin da ke tsakanin nan.

Kawu: Kai yaro, tun kafin a haife ka nake ƙirga awaki. Ban taɓa ganin akuya uku da rabi ba.

Goggo: Ni ko kullum sai na auna wa mutum gero mudu uku da rabi. In mai saye ya ce a ba shi fiye da mudu uku, ko tafi ɗaya na ƙara masa na cika alkawari.

Kawu: Ke ma kin koma bayansu.

Yaya: Kawu, akwai inda maganarka take zama. Da tambayar ta ce x cikakkiyar lamba ce, irin ta ƙirgen awaki, to x > 3 da x ≥ 4 abu ɗaya ne. Amma in haka ne, ɗigo-ɗigo ake yi a kan 4, 5, 6, ba a jan layi a haɗe. Auta, an faɗi haka?

Auta: Ba a faɗa ba, Yaya. Layin a haɗe yake.

Kawu: Naji. To faɗa mini lambar farko bayan 3 ɗin, mu fara daga ita.

Yaya: Babu ita. In ka ce 3.1, in ce 3.01. In ka ce 3.01, in ce 3.001. Shi ya sa ake yin zoben: a nuna iyaka ba tare da an taka ta ba. Cikakken zobe kuwa kamar shekarun zaɓe ne a Najeriya: ranar da mutum ya cika 18 ya shiga, wato x ≥ 18.

Kawu: Hanya babu mafari? Wannan sai 'yan boko. Ni dai da ni ke gyaran takarda, da na ba ta rabin maki.

Goggo: Au, yanzu kuma akwai rabi?

Auta: Yaya, tambaya ta gaba zoben a kan -2 yake, cike, kibiya ta yi hagu. -5 tana ciki?

Yaya: Tana ciki, x ≤ -2 ne, wato -2 ko ƙasa da haka. Mai bashin naira 5 ya fi mai bashin naira 2 nisa da sifili, ta ɓangaren rashi.