Neman kalma: me za mu kira "ingénieur structure" da Hausa?

Mai fassara, Yamai:
Assalamu alaikum malamai. Ana shirya bayanin rediyo a kan gadojin Yamai, tun daga gadar Kennedy ta 1970 zuwa gada ta biyu ta 2011 da ta Janar Seyni Kountché ta 2021. Kalma guda ta tsaya mana: ingénieur structure. "Injiniyan gini" ya yi faɗi, don mai hanya da mai magudanar ruwa da mai lura da shantiye (wurin aikin gini) duk suna shiga ciki. Wasu sun ce "injiniyan tsari". Masu sana'a, ku kama mana.

Injiniyan gadoji, Yantala:
Wa alaikumus salam, Malam. A ajiye "tsari" gefe. Bahaushe in ya ji tsari, shiri da jeri yake ji, wato aikin mai zanen gida: ina ɗaki, ina ƙofa. Wannan mutumin nauyi yake bi, daga inda ya sauka har inda ya ƙare. Tayar mota ta taka kwalta, kwalta ta miƙa wa daben gada, daben ya miƙa wa dogayen sandunan beto da ke kwance ƙarƙashinsa, su kuma suna zaune bisa matasan roba da aka ɗora kan ginshiƙai, ginshiƙi ya kai wa tushe, tushe ya kai wa ƙasa. A kowace gaɓa sai ya amsa tambaya biyu: nawa ne ya iso nan, nawa wurin zai iya ɗauka.

Lissafin ba na ka-ce-na-ce ba ne. Beto mai ƙarfe, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira kankare, mita guda ta kowane gefe tana da nauyin tan 2.5. Dabe mai kaurin santimita 20 ke nan yana ɗauke da kilo 500 na jikinsa a kowace murabba'in mita, tun ko jaki bai hau ba. A lissafin gini na yau da kullum ana ninka nauyin dindindin sau 1.35, nauyi mai zuwa ya wuce sau 1.5, don a bar rara. Kalmar da za mu zaɓa sai ta nuna abin da ke ɗaukar nauyin nan.

Malamar koyar da gini, Haro Banda:
Injiniya ya faɗi gaskiya. Ina ba da "injiniyan ƙarfin gini". Dalilina: beto yana jure danniya ƙwarai, amma wajen ja, abin da yake jurewa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Sandar da ke kwance tsakanin ginshiƙai biyu, samanta ana matse shi, cikinta na ƙasa ana jan shi, shi ya sa ake jera ƙarfe a ƙasa. In sandar ta zarce bisa ginshiƙi, abin ya juya, ja ya koma sama, ƙarfe ma ya koma sama. In mai ɗaura ƙarfe ya juya wannan jeri, ido ba zai gani ba bayan an zuba, amma tsagewa za ta fallasa shi. Duk maganar ƙarfi ce.

Tsohon magini, Tawa:
Ƴata, kalmarki ta yi kusa, amma ki saurare ta da kunnen shantiye. "Ƙarfin gini" da "ƙarfen gini" wasali guda ne tsakaninsu. A rediyo, cikin ƙarar babur, mai sauraro zai ɗauka mai ɗaura ƙarfe ake nufi.

Kuma ku tuna wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Maginan ƙasa sun san azara ba ta tsallake fiye da wajen mita 2 ba tare da ta sunkuya ba. In ɗaki ya fi haka faɗi sai a fito da azara daga bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a shafe da ƙasa, har baka biyu su haɗu a sama. Shi ne bakan gizo, shi ne ɗaurin guga. Duk mai shakka ya je Yama nan jihar Tawa ya ɗaga kai cikin masallacin da magini Falke Barmu ya fara a 1962, wanda ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. Ƙasar da ake gani fata ce, azarar da ke ciki ita ce ƙashi. Ni "ƙashin gini" na ke ba ku.

Malamar koyar da gini, Haro Banda:
Baba, na janye tawa. Ƙashi ya fi, don ya kama abu biyu: yana ɗauka, kuma yana da gaɓoɓi. Gada ma tana motsi. Beto na miƙewa wajen milimita 1 a kowace mita 10 in zafi ya ƙaru da digiri 10. Gadar Kennedy mita 710 ce. Da a ce guda ce ba mahaɗa, bambancin digiri 30 tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin bazara zai sa ta miƙe fiye da santimita 20. Saboda haka ake barin mahaɗa a dabe, a zaunar da sanduna bisa roba. In yashi da tsakuwa suka cike mahaɗar ba a share ba, gada ta rasa inda za ta miƙe, sai ta riƙa tura bangon bakinta har ya tsage.

Mai gwajin kayan gini, Yamai:
Ina da damuwa guda, kuma ba ƙarama ba ce. Yawancin wayoyinmu ba su da ƙ mai lanƙwasa. In aka rubuta da k sake, kalmar ta koma abin da ba a faɗa cikin mutane. "Jigon gini" ba shi da wannan matsala, kuma kowa ya san jigon lambu a bakin kogi.

Kafin a yanke, a ƙara wa Malam mai fassara wannan: aikin mutumin ba ya ƙarewa a takarda. Shi ke rubuta awon da za a bi. Beto na ɗaukar nauyi yawanci buhu 7 na siminti ne, kilo 350, a mita guda ta kowane gefe, ko na Malbaza ne ko na waje. Ana ɗiban samfuri cikin gwangwani mai faɗin santimita 16, tsawo 32, a murƙushe shi a na'ura ranar kwana 28. Abin da ya fi kashe beto a nan ruwa ne, ta fuska biyu: a ƙara shi lokacin kwaɓi don ya yi saurin zuba, ko a hana shi bayan zubi. Ƙarin ruwa na barin ƙananan ramuka in ya bushe. Rashin ban ruwa na mako guda cikin zafin Afrilu na sa fuska ta tsattsage. Sai kuma rufin ƙarfe: santimita 3 zuwa 5 na beto tsakanin ƙarfe da iska. In ya gaza, laima ta shiga, ƙarfe ya yi tsatsa ya kumbura, ya ɓamɓare beton da kansa.

Injiniyan gadoji, Yantala:
Yaya, jigo sanda guda ce, a tsaye. Ba ta kama dabe ba, ba ta kama tushe ba, alhali a ƙasarmu tushe ne ke fara cin amana. Ƙoramun Adar suna bushe wata tara, rana ɗaya su sauko da ƙarfi ɗauke da yashi. Ruwa in ya bugi ginshiƙi yakan yi juyi a gindinsa ya kwashe ƙasa, rami ya zurfafa har tushe ya rataya. Daben lafiya lau, ginshiƙi ya karkata. Maganinsa a haƙa a san ƙasar tun farko, a sauke turakun beto ƙasa da zurfin da ruwa zai iya ci, a jibge duwatsu a gindi, a bar wa ruwa ƙofa daidai da ambaliya mafi girma da aka lissafa. Wanda ya ga kogin Yamai a Satumbar 2020 ya san me nake nufi. Wannan duka ƙashi ne, daga kai har ƙafa. Matsalar harafi kuwa tana da magani: inda ba ƙ, a rubuta k'ashi da alama, kamar yadda da yawa ke yi.

Mai fassara, Yamai:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Na ɗauki "ƙashin gini" a matsayin structure, mai aikin kuma "injiniyan ƙashin gini". Ga yadda zai fita: "Kafin a buɗe gada, injiniyan ƙashin gini yakan sa a jera manyan motoci cike da kaya a kanta, ya auna yadda ta sunkuya, ya duba ko ta koma daidai bayan sun sauka." Saura affouillement, cin da ruwa ke yi wa gindin ginshiƙi. Baba, "zaizayar gindi" ta yi, ko akwai yadda ake faɗa a Tawa?