An ce za a yi mini aiki: me zan tarar, kuma yaya zan yi da jego?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Cikina wata tara ne, na fari. Hoto ya nuna jaririn a zaune yake, kansa a sama, likita ya sa ranar tiyata idan na cika sati 39. Me ake yi a ɗakin? Kuma iyaye sun ce dole in yi wankan jego da kunun kanwa. Ku ba ni shawara don Allah.

Ma'aikaciyar ɗakin tiyata: Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya, ƙanwata. Kafin ranar za a auna yawan jininki da rukuninsa, kuma yawanci a ce maigida ya tanadi jini ko da leda ɗaya. Za a hana ki abinci awa 6 zuwa 8, saboda kada amai ya shiga huhu. A ɗakin a sa miki ƙarin ruwa da robar fitsari, ki zauna ki sunkuya, a yi miki allurar baya. Ƙafafu su yi ɗumi, su yi nauyi, daga ƙirji zuwa ƙasa ya mutu, amma idonki biyu. Za ki ji ana ja, ana danna, ba zafi ba. In kin ji zafi, faɗa nan take. Yankan a kwance ake yinsa a ƙasan mara. Cikin kamar minti 10 an fito da jariri, sauran lokacin ɗinki ne, duka bai cika wuce awa ɗaya ba. Rawar sanyi da tashin zuciya da ƙaiƙayi ba abin tsoro ba ne. Amma idan faya ta fashe ko naƙuda ta taso kafin ranar, kada ki jira, ki tafi asibiti.

Ungozoma: 'Yata, abin da ya fi damuna shi ne bayan an fito. Ƙafafu za su dawo cikin awa 2 zuwa 4. A sa miki jariri a nono da wuri, dakashin nan kada a zubar. Ki riƙe shi ta ƙarƙashin hammata ko ki kwanta a gefe, don kada ya danne ɗinkin. Robar fitsari ana cire ta bayan awa 12 zuwa 24, daga nan ki tashi ki taka, ko da daga gado zuwa ƙofa ne. Da ciwo, na sani, amma kwanciya ita ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, ita ke sa iska ta cika ciki. Wajen tashi, ki fara juyawa gefe, ki sauke ƙafafu, ki tura da hannu. In za ki yi tari ko atishawa, danna filo a kan wurin. Maganin ciwo ki sha kan lokaci, kada ki jira sai ya ci ƙarfinki. Paracetamol da ibuprofen ba su hana shayarwa. Sallama kwana 3 ko 4 ce. Ki tambaya ko zaren mai narkewa ne ko sai an cire.

Batun jego kuwa, a kai wa su Hajiya maganar da ladabi, in da hali likita ya faɗa a gabansu. Ruwa mai ɗumi ya isa. Ba a fyaɗa tafasasshen ruwa da ganye a kan ɗinki, ba a gasa ciki ko a danna shi. Fatar wurin a mace take, za ki ƙone ba ki sani ba. A wanke, a tsane da tsumma mai tsabta, kada a shafa komai. Kunun kanwa ki bar shi: gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki, ya hau da jini, ya wahalar da zuciyar mai jego. Ki sha kunun gyaɗa, ki ci ƙwai, nama, wake da ganye. Har sati 6 babu daka, babu ɗaukar bokitin ruwa, babu abin da ya fi jaririn nauyi.

Likita: Ina ƙari da alamomin komawa asibiti ko da tsakar dare: zazzaɓi, ɗinki ya yi ja ko yana fitar da mugunya, jinin biƙi mai wari ko mai cika audugar mata cikin awa ɗaya, kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, numfashi sama-sama, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi. Ciwon kan da ke tasowa in an zauna ya lafa in an kwanta, na allurar baya ne, kuma yana da magani. Ki ba da tazarar wata 18 zuwa 24 kafin wani cikin. Mai yiwuwa ki haihu da kanki nan gaba, amma a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini, ba a gida ba, domin tabon mahaifa na iya yagewa a naƙuda.