Neman shawara: tsohuwar Fijo 504 a matsayin motata ta farko

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motoci. Shekaruna 24, na karɓi lasisin tuƙi a bara, kuma na ɗan tara kuɗi daga sana'ar gyaran waya da nake yi a Kaduna. Abin da na tara ba zai kai ni ga lafiyayyar mota 'yar Kwatano ba, kuma ko da ya kai, zuciyata tana kan Peugeot 504, domin irinta mahaifinmu ya riƙe muna yara. Akwai wata fara a unguwarmu, ƙirar salun, wadda ta shekara kusan shida a ajiye ƙarƙashin bishiyar darbejiya tun rasuwar mai ita. Tayoyinta duk sun sace, busasshen ganye ya cika ramin da ke gindin gilashin gaba, amma da ɗan marigayin ya kawo batir ya ɗiga fetur a kafireto, injin ya tashi a bugu na uku. Ya ce in kawo abin da ya sawwaƙa in ja abata. Shin tashin injin ya isa hujja in biya? Me ya kamata in duba, kuma da wane gyara zan fara? Wani abokina ya ce in nemi tsohuwar Marsandi ko Beetle maimakon wannan.

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tashin injin shi ne abu na ƙarshe da zai burge ni a jikin 504, domin injinta ne ya fi komai sauƙin gyara. An fara ƙera motar a Faransa a 1968, aka fara harhaɗa Fijo a masana'antar Kakuri da ke nan Kaduna a 1975, kuma bayan Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983 an ci gaba da fitar da 504 a nan har bayan shekarar 2000. Saboda haka kayanta sun cika ƙasar nan, kuma da wuya ka shiga Fanteka ko Ƙofar Ruwa ta Kano ka rasa abin da kake nema. Injin fetur ɗinta mai lita biyu an yi shi da silif, bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, irin wanda ake zarewa, wato idan ramin fistin ya cinye, ana sauya silif da fistin da zobba a mayar da injin kamar sabo ba tare da an jefar da tukunyar ba.

Abin da kuɗi ba ya dawo da shi cikin sauƙi shi ne bodi. Salun ɗin 504 ba ta da wani shasi daban da aka ɗora bodi a kansa. Bodin shi ne ƙashin bayanta, idan tsatsa ta ci shi, ƙarfin motar gaba ɗaya ta ci. Ganyen nan da ka ambata shi ya fi ɗaga mini hankali. Ramin da ke gindin gilashi yana da magudanar ruwa, kuma idan ganye ya toshe ta, ruwan damina shida ya kwanta a wurin, sai ya sulale ta bayan dashbod ya jiƙe dardumar ƙasa. Ka ɗage dardumar ta gefen direba da ta mai zaman banza, ka danna ƙasan da sukuddireba, ka fitar da safaya taya ka duba gurbinta, ka buɗe bonet ka duba inda kan shokazoba yake zama, sannan ka bi dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi. Idan sukuddireba ta huda ɗaya daga cikin wuraren nan biyu na ƙarshe, ka yi wa ɗan marigayin addu'a ka koma gida. Ka tafi kuma da ɗan maganaɗisu ka bi jikin ƙofofi da shi: duk inda ya ƙi kamawa, fila ce, kwaɓin da ake toshe lotsawa ko rami da shi, aka cika aka yi fenti a kai.

Game da injin, kada ka sake barin a tayar da shi da baƙin man da ya shekara shida a ciki. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka duba. Idan ka ga wani abu kamar kindirmo ya manne a jikinsa, ruwa yana haɗuwa da mai, mai yiwuwa gasket ɗin da ke tsakanin kan injin da tukunyarsa ya ƙone. Kan injin na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi, shi ya sa lagireto da famfon ruwa da tiyoyinsu suke gaba da duk wani ado. Kuma ina roƙonka, idan an zo gyara, kada ka yarda a cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin injin, a jefar kamar yadda yaranmu suka saba da sunan wai ƙasarmu da zafi. Masu ƙera motar ba su sa shi don sanyin Faransa kawai ba.

Malamar Makaranta:

Ƙanena, Baba ya gama magana a kan ƙarfe, ni kuma zan yi maka magana a kan takarda, domin a nan aka taɓa cuta mana. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a cikin bayaninka: mai motar ya rasu. Wannan mota dukiyar gado ce, kuma ɗa ɗaya ba shi da ikon sayar da ita sai dai idan an raba gado ta faɗo a rabonsa, ko kuma sauran magada sun wakilta shi. Mijina ya taɓa sayen irin wannan mota daga hannun babban ɗan wani gida, ya kashe mata kuɗin da ya ninka na sayenta, har ta fito fes, sai ga ƙannen mai sayarwar mata su biyu sun zo da kawunsu suna cewa ba da saninsu aka yi ba. Ba su yi ƙarya ba, kuma hakkinsu ne. Sai da aka yi zama uku a zauren mai unguwa kafin aka daidaita, ya sake biyan wani kaso. Da motar tana nan cikin ƙura babu wanda ya tuna da ita.

Saboda haka ka nemi a tara magadan ko wakilansu, a rubuta takardar ciniki a gaban shaidu, kowa ya sa hannu. Ka karɓi takardar shaidar mallaka ta asali, ka gwada lambar shasi da lambar injin da ke rubuce a cikinta da waɗanda ke jikin motar harafi bayan harafi, domin tsofaffin Fijo da yawa an sauya musu injin ba a gyara takarda ba. Daga nan sai sauya sunan mai mota a ofishin lasisi, da inshora, da takardar lafiyar mota ta VIO. Ka sa kuɗin wannan duka a cikin lissafin farashi tun kafin ku fara ciniki.

Direban Hanyar Zariya:

Ni ra'ayina ya ɗan bambanta, kuma ina neman afuwar manya. Na tuƙa 504 doguwa ta haya shekaru masu yawa, na san daɗinta a kan gargada, kuma ba a banza ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 ba. Amma yaro mai sana'ar gyaran waya ya kamata ya tambayi kansa ko abin hawa yake nema ko abin sha'awa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mota mai kafireto da injin lita biyu ba abokiyar zirga-zirgar kullum ba ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Ba ta da jakar iska mai kare direba, ba ta da birki na zamani mai hana taya kullewa, kai kuma lasisinka bai wuce shekara guda ba. Idan za ka riƙe ta don fita ranar Juma'a da zuwa ɗaurin aure, babur ɗinka yana kai ka shago, ina goyon baya.

Batun abokinka kuwa, Marsandi ƙirar W123 da aka yi daga 1976 zuwa 1986 mota ce mai ƙarko ƙwarai, sai dai kayanta sun fi na Fijo tsada nesa ba kusa ba. Beetle an harhaɗa ta a Legas, injinta yana baya kuma iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto balle ya yi yoyo, amma masu gyaranta a Arewa sun yi ƙaranci. A Kaduna dai, Fijo tana gida.

Mai Koriyar Salun:

Ɗan'uwa, ni ma sa'anka ne, kuma shekara biyu ke nan ina kan tawa, har yanzu ban gama ba. Kuskuren da na fara da shi shi ne fenti. Ina jawo ta gida na kai ta aka fesa mata koren launi mai sheƙi saboda ina ɗokin ɗaukar hoto, bayan wata huɗu kuma aka gano ƙasan ƙofar baya ya ruɓe, mai walda ya ƙona rabin fentin. Na biya sau biyu. Da zan sake, da birki zan fara, domin motar da ta daɗe a ajiye robobin birkinta sukan bushe, tiyoyin su tsattsage, kuma feda tana iya kamawa yau gobe ta nutse har ƙasa. Bayan birki sai tayoyi, ko da zanensu bai goge ba, tun da shekaru suna busar da roba. Sai a sauke tankin mai a wanke dattin tsohon fetur. Sai ruwan injin. Sai mai gyaran wayoyin lantarki ya bi su ɗaya bayan ɗaya, saboda ni a tawa ɓeraye sun yi sheƙa a bayan mita sun cinye wayar fitilun gaba. Walda ta biyo baya, fenti ya zo a ƙarshe.

Kada ka kashe duk abin da ka tara wajen saye. Ni yanzu shawarar da nake bai wa kowa ita ce kuɗin sayen kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke hannunsa. Kuma duk abin da aka kwance, ka ɗauki hotonsa da waya kafin a taɓa shi, ka zuba kusoshinsa a leda ka rubuta sunan wurin a jiki. Ƙananan abubuwa irin tambarin zaki, da farin ƙarfen da ke zagaye da fitilu, da hannun ƙofa, kada ka bar su a gareji su kwana, domin su ne suke da wahalar samu na asali, kuma su ne suke da ƙafa.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na koma jiya da yamma da sukuddireba da maganaɗisu kamar yadda Baba ya ce. Ƙasan gefen direba ya huje, har ina hango ƙasa ta wani rami da ya kai faɗin tafin hannu, amma mazaunin shokazoba duka biyu da ƙarafan ƙarƙashin ƙofofi suna nan da ƙwarinsu, kuma maganaɗisu ya kama ko'ina in ban da ƙofar but. Murfin baƙin mai babu kindirmo. Da na yi maganar magada kamar yadda Anti ta ce, ɗan marigayin ya ɗan yi shiru, sannan ya ce su bakwai ne, biyu suna aure a Zariya, zai kira su a haɗu ranar Asabar a gaban kawunsu. Ban ba da ko kwabo ba tukuna. Baba, ramin nan na gefen direba, faci za a yi masa ko sai an yanke farantin gaba ɗaya an sa wani?