Neman kalma: dalar Masar da zakin nan mai kan mutum

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina fassara labarin wani matafiyi da ya je Masar karon farko, gobe da safe za a karanta a rediyo, kuma dole in miƙa kafin isha'i. Sashen Alƙahira bai ba ni wahala ba: cunkoson motoci, hon dare da rana, mutane na ratsa titi ta tsakanin motoci, kasuwar Khan el-Khalili. A Giza, gefen Alƙahira inda dalar Masar take, na cije. Mutumin ya zaci sai an nausa cikin hamada, sai ya tarar gidajen gari sun zo har bakin wurin. Pyramid na sa dala. Sphinx fa, zakin dutsen nan mai kan mutum da ke kusa da dalar, me zan kira shi?

'Yar Jarida: Wa alaikumus salam Malam. Dala ta zauna, tun zamanin dalar gyada kunne ya san siffar, faɗi a ƙasa, tsini a sama. Ka dai kula da ƙirga. Manyan uku ne, ta Khufu, ta Khafre da ta Menkaure. In ka ce "ya ga dala uku" mai sauraro kuɗin Amurka zai ji. Ka ce dalar dutse guda uku.

Baba Malam: Ban yarda da dala ba. Tarin buhunan da ake kwashewa bayan kaka ne za a ba abin da ya kai shekara 4,500 a tsaye sunansa? Muna da kalma a Alƙur'ani, Suratul Fajri aya ta 10, Fir'auna ma'abucin turaku. Ku ce turakun Fir'auna. Haka nake koya wa ɗalibaina.

Ɗan Azhar: Allah ya gafarta Malam, a yi mini afuwa. Malaman tafsiri na farko sun fassara turakun nan da waɗanda yake ɗaure mutane yana azabtarwa, wasu suka ce na tantunan rundunarsa. Kuma kaburburan sarakuna ne ake magana, in aka jingina musu aya za a ɗauka tafsiri aka yi a rediyo. Ga wata matsala: a Meroe ta Sudan akwai irinsu kusan 200, sarakunan Kush suka gina. Su ma turakun Fir'auna za a ce? Masarawa haram suke cewa, jam'i ahram, daga nan jaridar Al-Ahram ta samo suna tun 1875, amma wannan ba zai yi mana ba, haramun za a ji. Shi kuwa zakin, Abul Haul suke kiransa, wato uban firgici. Direban tasi ma haka zai ce maka.

Baba Malam: To ka gani. An gudu daga Turanci an faɗa Larabci. Hausa ta mutu ne? Gunki ne, a ce gunkin Giza.

'Yar Jarida: Baba, gunki yana ɗauke da bauta. Matafiyin nan kallo ya je yi. Mutum-mutumi ya fi.

Ɗan Azhar: A nan Malam yana da ɗan gaskiya, Yaya. Fiye da shekara dubu bayan sassaƙa shi an bauta masa a matsayin abin bautar rana, har sarki Thutmose na huɗu ya kafa allon dutse tsakanin ƙafafunsa na gaba, yana nan har yau. Sai dai gunki bai nuna wa mai sauraro komai ba. Abin da ya kama idon baƙo shi ne jikin zaki a kwance, kan mutum da lulluɓin sarauta, hanci ya gutsure, duk an sassaƙa daga dutsen wurin, ba ɗauko shi aka yi aka ajiye ba.

Uwar Gida: Ni da na je na tsaya gabansa, dodon Giza ne ya zo mini a baki. Fuskar tana da kwarjini.

'Yar Jarida: Hajiya, dodo na tatsuniya ne, yara za su ɗauka ƙirƙira ce. Ni da Sifinkis zan rubuta kawai. Wanda ya ji zai iya nema a intanet.

Baba Malam: Wannan shi ne abin da ke kashe mana harshe. Ku 'yan jarida kullum gaggawa, ku lanƙwasa kalmar Bature ku ce Hausa ce. Sunan ma na Girkawa ne, su ma baƙi suka zo suka tarar da shi, nasu na almara mace ce mai fukafukai. Kowa ya zo ya raɗa masa suna da bakinsa, mu kaɗai ne ba mu isa ba?

'Yar Jarida: Ranka ya daɗe, mota da asibiti da makaranta a aji aka ƙirƙiro su? Bakin mutane ne ya karɓa. Mu ne muke fuskantar mai sauraro kowace safiya, in bai gane ba mu yake kira. Ba raina Hausa muke yi ba.

Baba Malam: Makaranta daga karatu take, 'yata, kada ki haɗa ta da mota.

Mai Fassara: Malamai a yi haƙuri, magariba ta gabato. Ga yadda na tsara: "Da motar ta fito daga cunkoson Giza, sai ga dalar dutse guda uku a bayan gidaje. Babbar, ta Sarki Khufu, ta kai mita 146 lokacin da aka gama ta. A ƙasa da su Abul Haul yake kwance, mutum-mutumin zaki mai kan mutum, tsawonsa mita 73, tsayinsa mita 20, yana fuskantar gabas, wajen birnin da ba ya rabuwa da hayaniya." Daga nan Abul Haul kawai zan riƙa cewa.

Ɗan Azhar: Ya yi. Ka gaya wa mai karantawa Haul ne kamar hau, kada ya ce hul.

'Yar Jarida: Mutum-mutumi da mai kan mutum a jere sun yi nauyi a baki. Ka ce sassaƙen zaki mai kan mutum.

Mai Fassara: Na karɓa, na gyara. Na gode ƙwarai.

Baba Malam: Sassaƙe Hausa ce, ba ni da ja. Abul Haul kuma tunda lokaci ya ƙure ka sa. Amma dala ban sauka ba, a ajina turaku zan ci gaba da cewa har a kawo mini wadda ta fi ta.