Neman kalmar Hausa: me za mu kira "collation"?

1/ Zuba waɗannan garuruwa a teburin SQLite, wata manhajar rumbun bayanai, ka ce ya jera su: Kano, Ƙaraye, Daura, Ɗambatta, Zariya, Dutse. Zai ba ka Daura, Dutse, Kano, Zariya, sannan can ƙarshe Ɗambatta da Ƙaraye. Injin yana duba lambobin Unicode ne kawai, wato lambar da aka ba kowane harafi a kwamfuta, kuma lambar Ɗ da ta Ƙ sun fi ta Z girma. A ƙananan haruffa abin ya fi muni, domin ƙ da ƴ na riga ɓ da ɗ zuwa. Abin da ke gyara wannan shi ake kira collation, kuma shi nake nema wa suna.

2/ Da na nemi a ba shi suna, shawarwarin da suka shigo su ne jerantawa, tsarin abacada, ƙa'idar jeri, da aron kalmar a ce kolashan.

3/ Jerantawa na cire ta tun da wuri. Aikin ORDER BY ke nan, wato umarnin da ke sa a jera bayanai. Collation kuwa shi ne abin da ORDER BY ke tambaya kafin ya jera. Tsarin abacada ma ya yi ƙanƙanta, tunda lambobi da alamomi da babban baƙi da ƙarami duk suna ciki.

4/ Ƙa'idar jeri shawarar wani Malam ce daga cikin waɗanda suka amsa, kuma ita ta fi kusa. Amma Allah gafarta Malam, a duba abin da ake rubutawa a zahiri. A SQLite, idan za ka ƙera naka, ɗan shiri za ka miƙa wa sqlite3_create_collation. Ana ba shi rubutu biyu, shi kuma ya mayar da ɗaya cikin amsa uku: na farko ne gaba, na biyu ne gaba, ko kuwa daidai suke. Amsa ta ukun nan ce "jeri" ba ya ɗauka. Ita ke yanke ko "ƙasa" da "Ƙasa" abu ɗaya ne a WHERE, umarnin nemo abu a tebur, ita ke sa UNIQUE, dokar hana maimaici, ya karɓi suna ko ya ce an riga an shigar da shi. NOCASE, collation ɗin da SQLite ya zo da shi don daidaita babban baƙi da ƙarami, haruffan Turanci 26 kaɗai ya sani, don haka Kano da kano ɗaya ne a wurinsa, Ƙaraye da ƙaraye kuwa biyu. Nan babu wani jeri da aka yi, awo aka yi.

5/ Shi ya sa nake ganin ma'aunin jeri. Sikeli ne: ka ɗora abu biyu, ɗaya ya rinjaya ko su yi kunnen doki. Tsarin Unicode kansa nauyi yake ba kowane harafi, hawa-hawa, na asalin harafin, na lafazi, na girma da ƙanƙanta.

6/ A gwada sunan a bakin aiki a ji ko zai zauna. "Wane ma'aunin jeri ke kan wannan shafi na teburin?" "Ma'aunin na gida ne ko na ICU?" "An sauya ma'auni, sai a sake gina fihirisa." (ICU tarin shirye-shirye ne na Unicode da ke ɗauke da ma'aunan harsuna, fihirisa kuwa jeri ce da rumbun ke ajiyewa don saurin nemo abu.) Da ƙa'idar jeri jimla ta ƙarshe tana yin nauyi a baki.

7/ Sai kuma gwajin ma'auni. SQLite ya gindaya sharuɗɗa: in A ta riga B, dole B ta biyo bayan A, in A ta riga B, B ta riga C, dole A ta riga C, daidaito ma haka. Ka karya ɗaya, ba zai yi maka ƙorafi ba. Fihirisa ce za ta ginu a karkace, wata rana a nemi sunan da ke cikin tebur a ce babu shi. Don haka jerin kalmomi goma da ka duba da ido bai isa gwaji ba. A ɗauko kalmomi uku-uku a gauraye, dubbai, a tabbatar sharuɗɗan sun tsaya. Sannan a yi tambaya ɗaya sau biyu, da fihirisa da kuma babu ita, a ga ko amsar ta zo ɗaya.

Kalmomin da za su tona asirin ma'aunin Hausa ba su da yawa. Bayanan CLDR, taskar Unicode ta ƙa'idojin harsuna, waɗanda ICU ke amfani da su, sun ɗauki sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu, saboda haka sarki, suna, shanu ne jerin, haka tafi, tuwo, tsuntsu. A sa tsatsa don a ga ko an kama ts na tsakiya. A sa Is'haƙ da Ishaƙ, inda s da h ba su haɗu sun zama sh ba a furuci. Sai babbar matsalar, 'ya'ya. Mu a Najeriya 'y muke rubutawa, 'yan'uwanmu na Nijar ƴ, kuma waƙafin saman nan kala uku ne a kwamfuta: miƙaƙƙe na allon rubutu, lanƙwasasshen da waya da Word ke musanyawa da kansu, da wanda Unicode ta ware a matsayin harafi. A awon lambobi zalla, miƙaƙƙen na kai kalmar sama da A, sauran biyun su jefa ta bayan z.

8/ Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta tambaya ko sai mutum ya rubuta nasa ma'aunin. Ba dole ba ne, 'yar'uwa. PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai ta daban, ya karɓi ICU tun siga ta 10 a 2017, kina iya kiran ma'aunin Hausa, "ha-x-icu", kai tsaye. A siga ta 16, ta 2023, aka ƙara damar rubuta dokokinki a kai, misali in ofishinku ba ya son sh ta ware daga s. Ki dai riƙa lura da sigar ICU ɗin, domin sauya siga na iya sauya awo. An ga irin haka a 2018, da glibc 2.28, wata taskar shirye-shiryen Linux mai nata ma'aunin, ta sauya awonta, waɗanda suka sabunta na'ura ba tare da REINDEX, wato sake gina fihirisa, ba suka tarar da fihirisarsu ta daina dacewa da teburin.

9/ Kolashan ban hana kowa faɗa a ofis ba, an saba. A rubuce dai ga abin da zan yi amfani da shi: ma'aunin jeri, ma'aunin gida ga wanda mutum ya ƙera da kansa, gwajin ma'auni ga aikin tantance shi. Malam ya ce "ma'aunin haruffa" ya fi masa daɗin ji. Matsalarsa ita ce mai karatu zai zaci girman harafi ake nufi a Word, 12 ko 14.