Taki daga ragowar abinci a jami'a: a ina aikin yake lalacewa?

Sakataren kwamitin muhalli: Assalamu alaikum. Kwamiti na son a daina kwashe ragowar abincin ɗakin cin abinci zuwa bola, a mayar da shi taki don lambuna da bishiyoyin harabar makaranta. Hujjar a fili take: abincin da aka binne a juji ba ya samun iska, sai ya riƙa fitar da iskar mitan, wadda a cikin shekara 100 ta ninka hayaƙin kabon wajen ɗumama duniya kusan sau 28. Waɗanda suka san aikin a aikace, ta ina ake farawa, kuma a ina ake tuntuɓe?

Mai kula da kicin: Wa'alaikumus salam. Malam, kada a sayi komai tukuna sai sikeli. A yi mako guda ana auna abin da ake zubarwa kullum, kashi biyu: ɓawo da yanke-yanken da suka fito daga girki daban, abin da ɗalibai suka bari a faranti daban. Na farkon tsaftatacce ne, da shi za a fara. Na farantin kuwa da leda, da cokalin roba, da mai, da ƙashi yake zuwa. Kuma a bar manyan kwanduna. Kwandon lita 120 in ya cika da jiƙaƙƙen abinci ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ka ga ma'aikata sun fara guje masa. Bokitai masu murfi na lita 20, a kwashe kullum, a wanke.

Malamar kimiyyar ƙasa: Gaskiya ne. Sauran rigimar kuma tana wajen haɗi. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da tsibin takin suna son kabon kashi 25 zuwa 30 a kan naitirojin kashi 1. Ragowar abinci naitirojin ne da ruwa, saboda haka a kan kowane bokiti ɗaya na abinci a zuba biyu zuwa uku na busasshen abu, wanda shi ke ba da kabon: ganye, yagaggen kwali, garin katako wanda ba a yi wa fenti ko magani ba. Danshi ya tsaya tsakanin kashi 50 da 60 cikin ɗari. Ba sai da na'ura ba. A damƙi cikin hannu a matse: in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai ne, in ruwa ya bi ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, in ya wargaje da ka buɗe hannu, a yayyafa masa ruwa.

Girma ma yana da muhimmanci. Tsibin da bai kai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi ba, ba ya riƙe zafi. A soka ma'aunin zafi mai dogon tsinke har tsakiya kowace safiya a rubuta. Ana neman digiri 55 na ma'aunin Salsiyas ko fiye, don a nan ƙwayoyin cuta da yawancin irin ciyawa ke mutuwa. A ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Amurka, dogon tsibin da ake juyawa sai ya yi kwana 15 a wannan zafin, an juya shi sau 5. In ya haura 65 a juya shi nan take, don ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi su kansu sun fara mutuwa.

Hanci ma ma'auni ne. Zarni na nufin naitirojin ya yi yawa, a ƙara busasshe. Ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ruwa ya toshe iska, a juya a ƙara kwali.

Shugaban masu lambu: Hajiya ta gama magana, sai dai in ƙara abin da takarda ba ta faɗa. Busasshen ganyen nan shi ne ke yankewa. Abinci kullum yana zuwa, ganye kuwa lokacinsa gare shi, to a tara shi a rumfa tun yana zuba. Sai ɓera. Nama da mai su ke kiransa. A shimfiɗa ragar ƙarfe mai ido milimita 6 a ƙasa da gefen akwatin da ake tara takin a ciki, sabon abinci kuma a binne shi aƙalla santimita 20 a ciki, kada a bar ko ɓawo ɗaya a fili. A nisanta wurin da rijiya, saboda baƙin ruwan da ke tsatsowa daga gindin tsibi in an yi ruwan sama. Tamfol a kai yana rage wannan.

Ɗalibin ajin ƙarshe: Malama, ya batun kofunan da aka rubuta a jikinsu cewa suna ruɓewa?

Malamar kimiyyar ƙasa: Yawancinsu sai a masana'antar taki mai zafi kusan digiri 60 na tsawon makonni. A tsibin makaranta za ka tono su bayan wata shida da rubutunsu tar. A ɗauke su kamar leda.

Mai kula da kicin: Ɗana, ku abin da za ku taimaka da shi shi ne tsayawa a bakin kwanduna a makonni biyu na farkon zango. Allo ba ya hana mai sauri jefa leda, amma mutum a tsaye yana hanawa. A jera kwandunan wuri guda, a manna ainihin abin da ake so a saman kowanne, ba dogon rubutu ba.

Shugaban masu lambu: Amma juya tsibi kam, a yi haƙuri, kada a ɗora wa ɗalibai. Jarrabawa ta zo, hutu ya biyo baya, mai ƙwazon cikinsu ya gama karatu, shi ke nan tsibi ya zama juji. A sa shi cikin jadawalin wani ma'aikaci da sa'o'insa a rubuce. In zafi ya sauka ya ƙi tashi ko an juya, a bar takin ya huta wata ɗaya zuwa biyu, zai koma kusan rabin girmansa, sannan a tankaɗe. Kafin a kai shi gindin shuka, a shuka iri 10 a cikinsa, 10 a ƙasa zalla. In nasa suka ƙi tsira ko suka fito da ganye rawaya, bai nuna ba, a ƙara masa wata guda.