Rubutun Japananci a tsaye: lambobi sun kwanta, layi na karyewa a inda bai dace ba

Sadiya_K:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon Japananci ne, na haɗa ɗan shafi na zuba jimlolin da nake haddacewa, so nake rubutun ya riƙa saukowa daga sama zuwa ƙasa kamar na littattafansu. Na sa writing-mode: vertical-rl a CSS, wato abin da ake tsara kamannin shafin intanet da shi, ya miƙe lafiya lau, layuka na tafiya daga dama zuwa hagu, amma lambobi duk sun kwanta, sai ka karkata wuya kafin ka karanta 25. Kuma a waya ƙaramin っ ɗin nan yana faɗowa farkon layi. Wallahi abin ya dame ni, a taimaka.

Abba_dev:
Wa alaikis salam malama. Ai Japanawa ba sa barin fili tsakanin kalmomi, shi ya sa burauza ke yanke layi kusan ko'ina, sai dai suna da dokar da suke kira kinsoku shori, wato 。 da 、 ba sa fara layi, 「 kuma ba ya zama ƙarshen layi. Ƙananan haruffan da ake kira kana irin っ da ゃ da sandar ja ー su ne ake sassautawa. Ki sa line-break: strict zai hana su fara layi, kuma don Allah kar ki manta da lang="ja" a html, in babu shi wasu kanji, wato haruffan da aka aro daga Sinanci, ma da siffar Sinanci za su fito miki.

Hauwa'u:
Lambobin kuma ki nannaɗe su a span ki ba shi text-combine-upright: all, sai 25 ta zauna a gurbin harafi ɗaya tana tsaye, tate-chu-yoko sunan abin. Lamba biyu yana kyau sosai. Huɗu kam matsewa suke yi har ba sa karantuwa, ni shekara gara na rubuta ta da kanji, 二〇二五.

Abba_dev:
Af na manta, na kanun rubutu akwai word-break: auto-phrase, Chrome ya kawo shi a 2023, yana yanka a gaɓar magana ba tsakiyar kalma ba. Sauran burauza ki gwada BudouX na Google, ɗan shiri ne da ke yin wannan aikin.

Sadiya_K:
Allah ya saka da alheri, lang ɗin ne ban sa ba tun farko. Yanzu っ ya koma wajensa, 25 ma ta miƙe. Saura furigana, ƙananan haruffan da ke nuna yadda ake karanta kanji, gobe zan gwada ruby na html in ga ko zai zauna a dama da kanjin.